Ranar da Na Dafa Ƙwaryar Matata

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga cikin rayuwata, ba ranar da harsashi ya same ni a ƙafa zan goge ba. Zan goge ranar da na kwashe ƙoran matata na zuba su cikin injin wanke kwanuka. Ni tsohon soja ne, na ajiye aiki da igiya uku, karatuna bai wuce firamare ba, kuma a lokacin da wannan abu ya faru ni mutum ne wanda ba a gaya wa gaskiya a cikin gidansa. Edita, ka buga shi yadda na rubuta, kada ka gyara mini hali.

Lokacin ina aiki na taɓa zama odali, wato mai hidimar wani babban hafsa, kuma a kicin ɗinsa na fara ganin injin. A jera farantai, a rufe, a danna, su fito da ɗumi suna ƙyalli. Tun daga ranar na ɗaura wa raina sai na mallaki irinsa. Bayan na dawo gida Zuru, sai na haɗu da wani mai sayar da gwanjon kayan ƙasashen waje. Ya rantse mini cewa wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta yi amfani da shi, wai ko tukunyar da wake ya ƙone a ciki zai mayar da ita sabuwa. Bai ce mini yana da sabulunsa na daban ba, bai ce yana shan gishiri nasa na musamman ba, bai nuna mini inda ake buɗewa a kwashe datti ba. Ya karɓi nasa ya juya. Har gobe Allah ya isa tsakanina da shi, ko da yake rabin laifin ne kawai nasa.

Ranar da aka sauke shi maƙwabta suka cika gidan suna kallo, ni kuma ina ta hura hanci. Matata ce kawai ba ta yi murna ba. Ta ce mini tuwon dawa ba abincin hafsa ba ne, in ya bushe a kwano sai an jiƙa an kankare. Ta ce ruwan rijiyarmu yana da gartsi, ko a butar shayi yana barin fari. Ta tambaye ni wa zai riƙa sayen man janareta saboda kwano huɗu. Na ce mata ƙauyanci ne ke damunta.

Duk abin da ta faɗa sai da ya faru. Tambulan suka riƙa fitowa da fari-fari kamar an shafa musu toka. Robobin da aka ci miyar manja a ciki suka koma ja, ja ɗin ya zauna daram. Ƙanzon tuwo kuwa injin gasa shi yake yi ya ƙara manne shi. Na zuba garin sabulun wanki, kumfa ta fito ta ƙarƙashin ƙofa ta malale har tsakar gida, jikokina suna tsalle a ciki. Daga baya sai ƙarni ya fara, irin na kwatar kasuwa. Maimakon in zauna in duba abin da na saya, sai na ɗora mata laifi. Na ce da gangan take jera kwanukan a karkace don ta kunyata ni. Wata rana na same ta a bayan ɗaki tana sake wanke su da soso da toka, na yi mata tsawa kamar ina gaban kurata, na hana ta. Matar da gaɓoɓin hannunta ke ciwo, ta ɓoye tana rufa mini asiri, ni kuma ina zaginta a kan haka.

Dole in yi bayanin ƙoran. A al'adarmu saurayi yakan yi golmo, wato ya yi wa surukansa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Na yi nawa a gonar babanta ta kan dutse har tafin hannuna ya zama kamar fatar kiri. Ranar da aka kawo ta, uwarta ta haɗo ta da ƙorai, a cikinsu akwai babba guda da tsohuwar ta zana da hannunta da wuƙa mai zafi. A cikinta matata ke kawo mini kunu kowace safiya. Ta bi ni da ita bariki-bariki, a naɗe cikin zani, ba ta taɓa ko tsagewa ba.

Bayan wata Kirsimeti abokaina tsoffin sojoji suka zo mini yini. Na sa aka kawo ruwa a tambulan don in yi musu burga. Wani abokina daga Mahuta, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ɗaga nasa ya duba a rana, ya tambaye ni ko farar ƙasa nake shafa wa kofuna kamar yadda ake yi wa bango lokacin biki. Wani ya shinshina, ya ce Saje, ai wannan kifin bara ne. Suka yi ta dariya har da tari. Matata ta ji daga kicin, ta yi sauri ta kawo kunu a ƙoranta don ta kashe maganar. Sai suka koma yabon ƙorai, suna cewa ga inji na gaskiya nan, Mama ce inji, in mayar da wancan akwatin akurki, in sa kaji su yi ƙwai a ciki. Na yi dariyar yaƙe.

Suna fita na tattara ƙoran na nufi injin. Na ce yau za a ga ko yana wanki ko ba ya yi. Ta biyo ni, ta durƙusa, tana kirana Baban yara, tana cewa ƙwarya ba ta son ruwan zafi, in zuba duk abin da na ga dama amma in bar mata babbar, ta riga ta yi wa jikarmu alkawarinta. Na ce a gidan soja ba a jayayya da oda. Na tayar da janareta, na murɗa injin zuwa mafi zafi, na tsaya a gaban ƙofarsa na harɗe hannu. Da ya gama na buɗe, ƙananan sun lanƙwashe, babbar ta dare gida biyu, zanen tsohuwa ya jiƙe ya kumbura. Matata ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ɗauki ɓarin biyu ta sa a zaninta ta shiga ɗaki.

Washegari da haushi na fizgo kwandon ƙasa na injin zan jefar da shi waje, sai na ga wata 'yar rariya a gindinsa da ake murɗawa. Na murɗa, na ciro. Ƙayar kifi, 'ya'yan kuɓewa, shinkafa, maiƙo, duk sun ruɓe sun cushe. A cikin wannan ƙazanta injin ke juya ruwa yana watsa wa kwanukanmu tun da na kawo shi. 'Yata da na kira a waya ta ce ai akan wanke rariyar nan a kai a kai, a tsokace ƙofofin da ruwa ke fitowa, a sa gishirinsa saboda gartsi. Ashe ba matata ce ke kunyata ni ba.

Na saci ɓarin ƙwaryar ranar kasuwa na kai wa gyartai. Ya juya ta, ya soka basilla, wurin ya marmashe. Ya ce Baba, wannan ai ta dahu, dafaffiyar ƙwarya ba ta riƙe ɗinki. Ya tambaye ni wane yaro ne ya yi wannan ɓarna. Na ce masa wani sakarai ne a gidana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yanzu injin yana aiki. Na koyi kula da shi, tambulan suna fitowa tas. Amma kwanona kaɗai ke shiga ciki. Nata da hannu take wankewa, da ciwon da komai. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe nata, sai dai in je in gaya wa jikarmu da bakina inda ƙwaryar take, kuma har yau ban iya ba. Don haka ina roƙonku, musamman maza irina masu taurin kai, in kun sayi abin da ba ku sani ba ku tambaya, ku buɗe cikinsa ku duba kafin ku nuna wa wani yatsa. In abokai sun yi muku dariya, kada ku kai haushin kan wadda ta fito ta rufa muku asiri. Har yanzu tana kawo mini kunu kowace safiya, a cikin tambulan mai ƙyalli, ni kuma in shanye shi kamar magani.