Baƙin Allon da Na Ƙi

Har yau ban manta da wata Laraba ta damina ba, shekara biyu kafin in ajiye aiki. Ku da kuka shigo bayanmu nake ba labarin, kuma ku sani tun yanzu laifin da ke ciki nawa ne.

A lokacin ni ne shugaban rajista, wato ɗakin ajiye fayilolin ma'aikata, a wani ƙaramin ofishi a nan Abuja. Da takardar sakandare na kama aiki, ina buga tafireta. Da kwamfuta ta zo ni na fara taɓa ta, sai aka ɗauke ni masani, ni kuma ban musa ba.

Ruwa ya taɓa shiga sitonmu ya lalata fayiloli. Waɗanda muka riga muka yi wa sikanin, wato muka ɗauki hotonsu, suna cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburina. Ita ce saba: ba a aiki a kanta, ajiya kawai take yi, sauran kwamfutocin ofis su jawo takarda daga cikinta. Ta haura shekara goma, ƙwaƙwalwarta giga biyu ce kacal.

Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, har an daina aiko mata da gyaran tsaro, sai darakta ya ce a sauya. Rifkatu, jami'ar kwamfutarmu, 'yar Kwali, mai mataki na takwas, ta rubuto shawara a sa wani tsarin manhaja da ake kira Linux, mara nauyi, wanda ba hotuna, ba linzamin dannawa. Ta nuna min shi: allo baƙi ƙirin, ana buga umarni da Turanci. Na san in aka sa wannan, kowa zai gane iyakar sanina. Sai na rubuta a ƙasan takardarta cewa wannan abin ɗalibai ne, bai dace da ofis ba. Ina mataki na goma, ga furfura, darakta ya bi tawa. Da hannuna na ɗora wa tsohuwar kwamfutar sabuwar manhaja mai nauyi, irin wadda na saba dannawa.

Mako uku tana jan ciki. Duk wanda ya yi ƙorafi sai in ce masa janareta ne.

Ran Larabar nan masu tantance 'yan ritaya suka zo. Ƙa'idarsu ita ce sai sun ga takardar ɗaukar mutum aiki, in babu a tsallake sunansa sai wani zagaye, wanda ba mai sanin ranarsa. Cikin masu jira akwai Baba Yohanna, direbanmu, da ya taso daga Tungan Maje tun da sassafe. Fayil ɗinsa na takarda yana cikin waɗanda ruwa ya cinye, takardarsa ta gida kuma ta ɓata tun da ya yi ƙaura. Shekara talatin da biyar na aikinsa ba su da shaida sai a cikin kwamfutar nan.

Tebur huɗu suka nemi takardu lokaci guda, kwamfutar ta sandare. Na yi ta kashewa ina kunnawa, ta tsaya tana juya wani ɗan zobe, faifan cikinta yana ƙara. Shugabar masu tantancewa ta ce ƙarfe huɗu za su tashi. Baba Yohanna ya leƙa ƙarƙashin teburin ya ce, "Oga Iliya, an ce ina cikin akwatin nan. Fito da ni mana, zafi ya yi yawa." Aka yi dariya, ban da ni.

Na taka zuwa ofishin Rifkatu. Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma ta yi min tsawo.

"Rifkatu, ni na ɓata. Taimaka ki zo."

"Baba, sau nawa ka kashe ta?"

"Uku."

"To, kada ka yi na huɗu."

Ba ta ƙara ko kalma kan abin da ya wuce ba. Ta zo da filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da manhajar da na ƙi, ta tayar da kwamfutar daga cikinsa ba tare da ta goge komai ba. Ta ce kafin a buɗe fayil ko ɗaya sai an kwafe duka zuwa wani faifan na daban, don wannan ƙarar ba ta kwanta mata ba. Minti arba'in muna kallon rubutu yana gudu a baƙin allo. Wajen ƙarfe biyu da rabi takardar Baba Yohanna ta fito daga firinta. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana duban hotonsa na saurayi. Ni kuwa sai a lokacin na zauna ina ta hamdala.

Washegari na je wurin darakta na ce masa ba janareta ba ne, tsoro ne ya sa na hana. Ya ce in rubuta hakan a fayil ɗin shawarar, a ƙarƙashin rubutuna na farko. Na rubuta.

Da muka zauna zaɓe, Rifkatu ta kawo Linux iri uku. Ta ce mu duba wanda ba ya cinye ƙwaƙwalwa yana zaune, da wanda za a daɗe ana aiko masa da gyaran tsaro. Akwai ɗan ƙarami da ya fi duka sauƙi, amma ta ajiye shi, ta ce in aka yi mata canjin wurin aiki da wuya a sami wanda ya san shi. Muka ɗauki na tsakiya, muka sauya faifai. Ta rubuta min umarni goma a bayan katin fayil, cikin wata guda na haddace. Har na yi ritaya kwamfutar nan ba ta sake tsayawa ba.

Abin da na koya a makare shi ne, a rajista ba takarda muke ajiyewa ba, shekarun mutane ne. In na ƙasa da kai ya kawo shawara ka ji ranka ya ƙi, ka tsaya ka tambayi kanka kafin ka ɗauki biro: injin ne ba zai iya ba, ko kuwa kai ne?