Kafur a Akwatin Yaya Hadiza

Bana shekara ashirin da takwas ke nan da muka binne yayata Hadiza a Kontagora, amma sai watan jiya na gane abin da ya riƙa ɗauke mata 'ya'ya.

Yaya ta yi aure a Ibeto ina 'yar makaranta. Maza uku ta haifa, babu wanda ya kai ranar suna. Kwana uku ido ya yi rawaya, shawara ta kama yaro, shi ke nan. Mata biyun da ta haifa kuwa suka rayu. Sai dangin miji suka ce nononta ne ba ya karɓar namiji. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta kuma yarda da maganar har cikin ranta. A jinyarta ta ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Binta, ni na shayar da su ajali."

Watan jiya 'yata ta haifi namiji, shi ma idonsa ya fara rawaya. Aka ɗebi jininsa aka auna. Likita ta ce akwai wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini kada su lalace kamar yadda ƙarfe ke tsatsa, na jikana ya yi ƙaranci, kuma gado ne ta wajen uwa. Sai ta sunkuya ta shinshina zanen goyon. "Hajiya, kafur kuke sawa a kayansa? Ku fitar da shi yau. Yana fasa jinin irin waɗannan yara."

Innalillahi! Nan take Yaya ta faɗo mini a rai. Yaya fa ba a yi mai tsabta irinta ba. Tun ciki na wata biyar take ɗinka 'yan riguna, ta jera a akwatin ƙarfe, ta zuba kafur saboda kyankyaso. Ni ma a wurinta na koya, kuma da hannuna na zuba a kayan jikana.

Yaron ya warke, alhamdulillahi. Da Yaya na raye, da na ruga na ce mata nononta lafiya lau. Amma na san halinta, sai ta tambayi abin da ya kashe su. Da wane baki zan amsa?

Tsabtarta tana nan a hannun 'ya'yanta mata, su ma yanzu jikoki suke jira. Na kira su na ce kowa ta zubar da kafur ɗin ɗakinta. Babbar ta ce, "Iya Binta, ai Inna ce ta koya mana, me ya faru?" Na ce likita ce ta hana. Sauran maganar na kasa faɗa mata.