Ardis Sundeen da Masaƙar da Ta Ƙi Bari a Ɗaure

Ƙarfe bakwai na safe Ardis Sundeen take buɗe ƙofar baya ta gidan tarihinmu, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Takan ɗora kofi, ta fasa ƙwai a ciki yadda kakanninmu 'yan Sweden suke yi, sannan ta hau bene wurin masaƙa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka.

Masaƙar nan wani manomi ne ya sassaƙa ta da gatari shekarar da ya sauka Minnesota daga Sweden, don matarsa ta saƙa abin shimfiɗa, kada ta taka daɓe mai sanyi. Da ita Ardis take saƙa darduma da tsofaffin tufafi. In mutum ya rasu, iyalinsa sukan kawo rigunansa, ta yanka siri-siri, ta mayar musu da abin shimfiɗawa a ɗakin girki.

Ni ina da laifi a wurinta. Ina cikin kwamitin da ya taɓa yanke shawarar a zagaye masaƙar da igiya, a rubuta kada a taɓa. Muna ji da kanmu, mu masu ilimi. Ta bari muka gama, sannan ta dube ni. "Lowell, kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkawa ba? Katakon nan in ya daina motsi ya zama itacen wuta. In za ku ɗaure ta, ku haɗa da ni." Igiyar tana ɗakin ajiya har yau.

Bara sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, kuma duk garin nan babu mai iya ɗora zare a masaƙar sai ita. A lokacin tana saƙa darduma da tufafin marigayiya Marlys, matar Duane Ekstrom, tsohon direban motar madara. Aiki ya kai rabi, ƙoshiyar saƙa ta suɓuce mata sau uku a gabana.

Ta ce, "Duane, ba zan iya ƙarasa maka ba."

Ya amsa irin amsar mutanenmu, waɗanda ko gidansu na ci da wuta haka za su ce. "Ba komai, Ardis."

"Akwai komai. Zauna."

"Ni? Da hannuwan nan kamar shebur?"

"Shekara arba'in kana murza sitiyari ba ka kashe kowa ba. Zauna, sa ƙafa ka taka katakon hagu."

Haka suka kwashe lokacin sanyi, tana tsaye a kansa. Ya tsinka zare, ta sa shi ya ƙulla. Ya karkace, ta sa shi ya warware, yana gunaguni tana yi kamar ba ta ji. Ranar da ya kai kan shuɗiyar rigar da Marlys take girki da ita, hannunsa ya tsaya. Ardis ta sauka ƙasa wai za ta duba kofi, ta yi awa guda ba ta dawo ba. Tun ranar nake jin nauyinta fiye da da.

Ardis, ke ce uwar masaƙa. Ke ce kika nuna mana cewa abin da kakanni suka tsallako teku da shi a hannu yake zaune, mu muna nemansa a cikin akwatin gilashi. Asabar mai zuwa za ki ajiye aiki, ki miƙa makulli. Mun gode, ni musamman, mai igiya. Duk wanda ya iya wani abu a garin nan, ya kama na kusa da shi ya zaunar da shi ya koya masa tun yatsunsa na aiki.

Dardumar tana ɗakin girkin Duane, rabi a miƙe, rabi a karkace. Ya ce Marlys za ta gane nasa rabin daga nesa. Jiya da ƙarfe bakwai na wuce ta bayan gidan tarihin, na ji masaƙa tana bugawa a bene. Na duba, motar Ardis ba ta wurin, sai ta Duane.