Gwajin Idon Mai Dalma

Shekara goma sha tara yayata ta yi tana liƙa wayoyin lantarki da dalma a wani shago mai ɗaki biyu, inda ake haɗa fitilu masu caji da rana. Mai Dalma ake ce mata. Duk sabuwar fitilar da maigidansu ya zana, ita ke haɗa ta farko da hannu, ta gwada, ta kwance, ta sake. Yatsunta duk tabon ƙuna ne, in ka yi magana ta ce adonta ke nan.

Da wata fitilar ta karɓu, aka ce za a mayar da aikin babbar masana'anta, a riƙa fitar da dubbai. Aka turo injiniya ya zauna gefenta sati shida da agogo da littafi, yana rubuta duk motsin hannunta don ma'aikatan can su bi. Aka yi mata alkawari ita za ta koyar da su.

Na ce, "Yaya, ki rage wani abu mana. In kin juye musu komai, me za su yi da ke?"

Ta harare ni. "Kai dai mugun hali! Fitilar mutane zan ɓata?"

Abin da ni kaɗai na sani, idonta ya daɗe da fara dushewa. Ko saƙon waya ni nake karanta mata. Yatsunta ne ke yi mata gani, kuma ba a taɓa dawo da fitilarta ko ɗaya ba.

Ranar fara aiki na raka ta. Ashe dokar masana'anta, kowa sai an gwada idonsa. Nas ta nuna mata haruffa a bango, a layi na uku Yaya ta kasa karantawa. Injiniya ya yi roƙon duniya, aka ce doka ce, ba za a ɗauke ta ba. Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu.

Muka dawo gida. Ta zauna bakin gado, takalmi a ƙafa, hawaye na zuba. Can ta ɗago.

"Kira min injiniya."

Na ɗauka za ta wanke shi tas. Har na ji daɗi.

Da na kira shi na miƙa mata wayar, ta ce, "Akwai abin da na manta, ɗana. Jar wayar nan ta batir, a bar mata sarari kaɗan. In aka ja ta, da ta yi zafi za ta tsinke. Ka rubuta?"