Motar Maigidana da Fiffikenta na Kife

Ko tsufa ya kwashe mini komai, har sunayen jikokina, ba na jin zai kwashe ranar da maigidana ya tuƙa motar da ya ƙera da hannunsa a fakon bayan Ƙauran Namoda. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In an ga magana ta tsinke a wani wuri, kuka ne ya tare ni, don har yau ban saba da rashinsa ba. Allah Ya jiƙansa.

Maƙeri ne ɗan maƙeri, amma shi ya bar garma da lauje ya koma gyaran sifirin ɗin manyan motoci a kusa da tasha. Da wannan muke ci. Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, aka aiko masa da kusoshi daga kudu a ƙunshe cikin wata takarda mai hoto. Ya zubar da kusoshin a ƙasa, ya shigo gida da takardar. Hoton mota ne mai kujera ɗaya tak, kwance a ƙasa kamar ƙadangare. Tayoyinta a waje suke, kowace da siraran hannuwan ƙarfe kamar ƙafar fara, gaba da baya kuma ga wani faffaɗan abu an gicciya.

Maƙwabcinmu malamin makaranta ya karanta masa ɗan rubutun da ya rage, don rabin takardar ya yage. Ya ce sabuwar mota ce ta tseren da babu na sama da shi a duniya, wannan faffaɗan abin kuma Turawa na ce masa fiffike. Iyakar abin da takarda ta faɗa ke nan.

Ban taɓa ganin mutum ya so aikin wani kamar yadda ya so aikin mutanen nan ba. Sai ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan hoton. "Ke 'yar Zurmi, diba nan. Kowace taya gashin kanta taka ci. In wagga ta hwaɗa rami, waccan ba ta da labari. Mu nan mun ɗaure su ga ƙarhe guda awa shanun huɗa." Ya nuna mini hancinta siriri, ya ce don ta tsaga iska ne ta wuce. "Wanda yay yi wagga ya san iska awa yadda Bahillace yas san saniya tai." Na ce masa tuwo na hucewa.

Shekara kusan huɗu yana ƙera tasa, bayan ya tashi daga aiki. Injin wani babban babur ya samu, da bututun ƙarfe, da kwanon rufi. Kowace taya ya yi mata hannuwanta da sifirin ɗin babur. Yakan ari ƙwaryata ya cika da ruwa ya ajiye a kujerar, ya tura motar ta bi ta kan duwatsu. In ruwa ya zube, sai ya kwance ya sake. Ƙwarya uku ya fasa mini kafin ruwan ya zauna. Fiffiken kuwa ya daɗe yana kallon shaho kafin ya ɗaura shi, bakinsa na gaba a ɗage, don a tunaninsa aikin fiffike shi ne ya rage wa abu nauyi. Wa zai ce masa ba haka ba ne? Ko talabijin bai taɓa ganin motar tana gudu ba, ga shi da aka ƙaddamar da Shari'a an rufe gidajen kallo.

A shekara ta huɗun nan ya fitar da ita karo na farko. Ban je ba, labari aka kawo mini tare da shi a kan amalanke. Wai da ta ɗauki gudu sai gabanta ya tashi sama, ta juye da shi. Ya karye a kafaɗa.

Karayar ba ta yi mana ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Direbobi suka daina kawo masa aiki. Suna cewa wanda ya kifar da tasa motar, yaya za a ba shi ta mutane? Taubashinsa, wani direban babbar mota mai bakin tsiya, ya zo dubiya yana dariya tun daga zaure. "Ina Sarkin Tsuntsaye? An ce ka tashi za ka Makka ba biza, man fetur yaƙ ƙare maka bisa." Yara suka ɗauki sunan. Liman ma ya zo, ya yi masa nasiha a hankali cewa bai halatta mutum ya jefa kansa cikin halaka ba. Maigidana ya yi alkawari a gabansa: sau ɗaya zai ƙara gwadawa, in ta sake ɗagawa zai yanka ta da hannunsa, ba zai ƙara ambatonta ba. Ni dai na san in ta sake ɗagawa sunansa ya tafi ke nan a tasha, in ma ya tsira da ransa.

Wata ranar kaka ina bakacen gero a tsakar gida, yana zaune da hannu a ɗaure. Na juye gero, faifan yana hannuna ba komai a ciki, sai iska ta shigo ta ƙarƙashinsa ta fizge shi ya tsallake zana. Na ɗauko, na sunkuyar da bakinsa ƙasa kamar yadda kowace mace ke yi in ana iska.

"Sake yi," in ji shi.

"In sake mi, Malam?"

"Ɗaga bakinai. To, sunkuyar. Mi kika ji ga hannunki?"

Na ce in na ɗaga, iska na so ta ƙwace. In na sunkuyar, danna shi take yi ƙasa.  Ya sa na ɗauko masa takardar nan daga cikin adaka, ya kai ta rana ya ƙura ido. Can sai ya yi wata 'yar dariya. "Kalma guda ta karya ni. Da anka ce hihhike, na ɗauka tsuntsu sunka kwaikwaya. Ashe kihe shi sunka yi. Ba so suka yi ta tashi ba, so suka yi iska ta taka ta ga ƙasa." Ya girgiza kai, ya ce mutanen nan sun mai da iska ɗan dako.

Da kafaɗa ta warke ya kwance fiffiken ya kife shi, na gaba da na baya. Ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ya ce tunda iska za ta hau motar, dole a yi mata wurin zama, in ba haka ba cikinta zai goge ƙasa. Wannan tunanin nasa ne, ba daga faifaina ba.

Ranar gwaji na biyu na roƙe shi ya bar ni in je. Da hantsi ne. Mu mata muna can nesa ƙarƙashin wata kuka, maza sun cika bakin fako. An ce mini taubashin nan yana faɗin da ba a hana caca ba, da ya sa ragonsa. Na ga maigidana ya yi addu'a ya shafa, ya zura jikinsa ciki, kansa kawai ake gani. Inji ya yi ƙara, ta tafi. Na so in rufe ido, na kasa. Ta wuce inda ta juye da shi wancan karon, gabanta bai motsa ba. Sai ma na ga tana ƙara gudu tana ƙara lafewa a ƙasa, tayoyin nan kowace na rawarta daban a kan gargadar fako, shi kuwa kansa tsaye cak. Ya kewaya wani gawo ba tare da ya rage gudu sosai ba, ya dawo ya tsaya daidai ƙafar liman. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa.

Washegari da safe babbar mota ta tsaya a bakin rumfarsa. Taubashin ne. "Sarkin Tsuntsaye, sifirin nau na baya ya karye tun Shinkahi. In ka gama tashi, ka diba man." Kafin sati ya zagayo sauran direbobi sun dawo. Duk wanda ya tambaye shi sirrin, sai ya ce ya je ya tambayi matarsa, ni kuwa ina jin kunya kamar in nutse.

Shekara shida ya ƙara a duniya. Zazzaɓi ne na kwana uku ya ɗauke shi a kan gadonsa, ba ƙarfe ba. Ni ce na rufe masa ido.

Abin da na koya a ranar gwajin nan na biyu shi ne, mutum kan ji kalma ɗaya ya gina aikin shekaru a kanta, alhali ya ji ta a karkace. Ba wannan ne abin kunya ba. Na ga mutum da karyayyar kafaɗa, gari na yi masa dariya, bai zagi iska ba, bai zagi malamin da ya karanta masa ba. Ya ce shi ne bai gane ba, ya karɓi gyara daga hannun mace mai bakace. Irin wannan mijin na rasa.