Allon da Kowa Ya So a Ƙofarsa

Cikin ranakun aikina akwai wadda har gobe ba za ta fita daga raina ba, wato ranar da Malam Tanko tela ya tare ni a tsakiyar layi da almakashi a hannu, yana neman in gaya masa laifin da ya yi wa gwamnati. Tunda kun ce in ba ku wani abu daga zamaninmu, ku da kuka shigo aikin hanya bayan kuɗi sun yi ƙaura, to ku gyara zama.

Lokacin ina mai duba hanyoyi a sashen ayyuka. Yankina ya kama daga ƙasar Kankara, ya bi ta Faskari, ya dangana da Sabuwa. Ga wanda bai san tsarin ba, a samana akwai Injiniya, a saman Injiniya akwai Sakatare, a ƙasana kuma hedman da leburorinsa. Idan koke ya zo, Sakatare zai rubuta "a duba" ya tura wa Injiniya. Injiniya ya rubuta "a duba da gaggawa" ya turo mini. Ni kuwa ba ni da wanda zan rubuta wa, don hedman ba ya karatun boko, saboda haka ni nake dubawar.

Shekarun ne da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan ba sallama. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, 'yan kwangila suka tsiro ta ko'ina, auduga ta yi daraja. Mutumin da ka sani bara da jaki, bana sai ya wuce ka cikin mota yana danna maka hon don kada ka ce ba ka gan shi ba. Ana cikin haka aka ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta, sai azuzuwa suka cika suka batse.

A wani gari da ba sai na kama suna ba, akwai firamaren da ƙofarta ke kallon wani siririn layi. Waɗanda suka yanke layin tun asali jaki da mangala suka auna, ba su san wani abu wai shi mota na tafe ba. Magidanta uku suka yi mota a layin. Babbansu Alhaji Barau, dillalin auduga mai hulɗa da magurzar auduga ta garin Daudawa, wanda ban da motar shiga yana da babbar mota ta kaya. Kowa a ƙofar gidansa yake ajiyewa, yara kuma su bi ta tsakanin mota da kwata suna raɓe-raɓe. Wata safiya direban babbar motar yana yin baya ya taka ƙafar wata yarinya 'yar aji biyu. Allah ya taƙaita, karaya ce, aka kai ta wurin mai ɗori.

Hedimastan makarantar, Malam Inuwa, dogon mutum ne mai magana a hankali. Ya hau kekensa ya zo ofis da kansa. Abu ɗaya ya roƙa, a kawar da motoci daga layin don yara su sami hanyar wucewa. Ga fili nan fetal a ƙarshen layin, kowa zai iya ajiye motarsa a can. Sakatare ya amince. Injiniya ya fi kowa murna, domin ya ga irin allunan nan a birni, ya daɗe yana neman inda zai kafa su. Allon ƙarfe ne mai jan zagaye, an rubuta "An hana ajiye mota a nan". Da na je sito na tarar guda uku kawai aka kawo. Injiniya ya ce, "To ai sun isa. Kafa su inda motocin suke. Ina amfanin hana mota a inda babu ita?" Magana ce ta hankali, kuma ita ta ja mana duk abin da ya biyo baya.

Muna fara haƙa rami Alhaji Barau ya fito daga zaure yana gyara babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani.

Ya ce, "Malam Lawal, nan wurin da kake haƙa, nan kakana ya kahwa turke. Baƙo ya zo ya ɗaure dabbarshi a ƙohwar gida, haka muka tashi muka iske. Yanzu don na sai mota sai a ce in kai ta bakin gari in aje kamar mai ciwon da ake gudu?"

Na ba shi haƙuri, na ce umarni ne daga sama. Yana faɗa yana kallon allon da lebura ya jingina da bango, rana na dukan fentinsa. Can sai ya tambaya ko kowane gida za a kafa wa. Na ce a'a, sai gidan da ke da mota.

Ya shafa fentin allon da hannu. Sannan ya ce, "Wato duk wanda ya gitta ya ga allon ga, ya san gidan ga akwai mota?"

Na ce, "Kusan haka ne, Alhaji."

Ya ce, "To ku zurhwahwa ramin, a sa siminti sosai."

Har fura da goro aka fito wa leburori da su. Na koma ofis na rubuta cewa jama'a sun ba da haɗin kai fiye da yadda aka zata.

Da na dawo zagaye a makon da ya biyo, kowace mota na nan inda na bar ta, a gindin allonta, an wanke ta tas. Alhaji har rumfar kwano ya yi wa motar da allon gaba ɗaya, kada rana ta ci fenti. Na ce, "Alhaji, ya haka?"

Ya ce, "Ai muna bin doka sau da ƙahwa. Tunda kuka kahwa shi ba baƙon da ya ƙara aje mota nan. Shekaranjiya wani ɗan garin Yankara ya zo, na nuna mashi, ya ja da baya."

Na ce dokar har da motarsa. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaron da bai gane karatu ba, ya ce da gwamnati na nufin har da shi ai ta san sunansa, da ta rubuta.

Ina barin wurinsa raina a ɓace Malam Tanko tela ya sha gabana. Shagonsa na jikin gidansa, tsakanin gidajen masu mota biyu, kuma ko keken hawa ba shi da shi sai na ɗinki. Ya manta bai ajiye almakashin ba.

Ya ce, "Malam Lawal, mi na yi ma gwamnati?"

Na ce ban san ya yi mata komai ba.

Ya ce, "Ka sa ma na dama, ka sa ma na hagu, ka zo ƙohwata ka tsallake kamar juji. Wato kun zauna ofis kun gama shawara Tanko ba shi yin mota har ya mutu. Ku ke rabon arziki yanzu? Jiya surukan ɗana suka zo daga Mabai, ina kallonsu suna duba ƙohwar kowa, suka zo tawa suka sunkuyar da kai."

Na yi masa bayani dalla-dalla cewa allon nan ba lambar girma ba ce, hani ne.

Ya ce, "To a hana ni mana. Ni ban isa a hana ni ba?"

A duk abin da aka koya mana na aikin hanya babu amsar wannan tambaya.

Kafin wata ya ƙare layin ya taso ofis ƙungiya biyu. Masu mota suna ƙorafin an ce dokar ta shafe su, marasa mota suna ƙorafin ba ta shafe su ba. Sakatarenmu mutum ne da ba ya son kowa ya fita ofishinsa da ɓacin rai, ga shi kuma kuɗi sun yi yawa har ana neman abin da za a yi da su kafin shekara ta rufe. Nan take ya ba da kwangilar alluna, ya ce a kafa wa kowane gida. Maganar masu mota kuma ya ce za a duba.

Labari ya bazu. Masu unguwanni suka fara aiko da saƙo daga Faskari da Sabuwa, wai me ya sa aka raina su. Na kafa allo har bayana ya ƙage. Akwai ƙauyen da sai da muka tuɓe takalma muka ƙetare rafi da alluna a ka, muka je muka hana ajiye mota a garin da tun kafuwarsa taya ba ta taɓa taka shi ba. Mai garin ya yi mana addu'a har da ƙwalla.

A layin makaranta kuwa sai wata sabuwa ta ɓullo. Wanda aka kafa wa allo ya ga gindinsa wayam, sai kunya ta kama shi. Malam Tanko ya je wurin wani bakanike ya samo gawar mota, ba inji, taya biyu a sace, aka jawo ta da shanun huɗa aka girke a ƙofar shagonsa. Kaji suka samu wurin ƙwai. Maƙwabta suka bi sahu. Layin da a da yara ke raɓawa su wuce, yanzu sai sun bi ɗaya bayan ɗaya, wani wurin ma ta cikin kwata.

Malam Inuwa ya sake hawo kekensa. Wannan karon aka kafa kwamiti, har da Sakatare da Injiniya da ni a ciki, aka sa ranar ziyarar gani da ido. Kowane ɗan kwamiti ya zo da motarsa, don ba wanda zai yarda a gan shi a motar wani, kuma duk suka ajiye a bakin ƙofar makaranta. Da aka tashi yara, ta katanga suka dira. Aka zauna a zauren Alhaji Barau, aka ci kaji, aka wanke hannu, sannan wani kansila ya gyara murya ya ce shi fa ya gano bakin zaren. Ba motoci ne matsalar ba, ƙofar makarantar ce da ta kalli layin. A toshe ta, a fasa wata ta baya, kowa ya huta.

Malam Inuwa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, bayan makaranta babban titi ne. Nan manyan motocin auduga ke shararawa da gudu."

Sakatare ya ce, "A titi ai mota ba ta tsayawa, Malam. Kokenka a kan motar da ke tsaye ne."

Na buɗe baki zan yi magana, Injiniya ya taka mini ƙafa. Aka ce kowa ya yarda, aka shafa fatiha. Kwangilar toshe tsohuwar ƙofa da gina sabuwa Alhaji Barau aka ba, kuma in faɗi gaskiya ya yi aiki mai kyau, ƙofar ƙarfe har da fenti kore. Aka rubuta "an warware" a bangon fayil. Mutanen layi suka aiko wa ofis da ragon godiya.

Bayan an dawo daga hutu Malam Inuwa ya same ni a gida da yamma. Bai yi mini ƙorafi ba. Ya ce allo ɗaya tak yake roƙo, wanda zai gaya wa direbobi su rage gudu akwai yara. Na je wurin Injiniya, ya ce kason alluna na bana ya ƙare, kuma ɗan kwangilar rubutu iri ɗaya kawai ya iya bugawa. Na ce to bari in roƙi aron guda a layin, in sa a goge a sake rubutu. Na bi gida-gida. Alhaji ya ce nasa ya riga ya kama siminti. Malam Tanko ya ce, "Ka ɗauki keken ɗinkin in kana so, ka bar mani allona." Layi guda cike da alluna, ba wanda ya ba ni, alhali 'ya'yansu ne ke zagayawa kullum su tsaya a bakin titin. Ranar na ji haushin da ban taɓa ji ba a aikin nan, na koma na gaya wa Malam Inuwa ban samu ba.

Ya ce ba komai. Ya samo jan ƙyalle ya ɗaura a sanda. Daga ranar, safe da lokacin tashi, yana tsaye a tsakiyar titin nan yana tsayar da manyan motoci har sai ɗan ƙaramin cikinsu ya ƙetare. Ruwa ya dake shi a wurin, direbobi sun zage shi a wurin. Sau da yawa nakan wuce a motar ofis in gan shi, in ɗaga masa hannu, shi kuwa ba ya iya ɗago nasa don yana riƙe da yaro.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne a aikinmu wanda ya iya zuwa ofis ya yi hayaniya shi ake gyara wa hanya, wanda bai iya ba shi ake kawarwa daga kanta. In an kawo muku koke, kafin ku duba wanda ke tsaye gabanku yana kumfar baki, ku tambaya wa zai taka wurin da ƙafarsa gobe da safe. Kuma kada ku yarda da duk abin da kuka karanta a fayil don kawai an buga masa hatimi. Har Malam Inuwa ya yi ritaya mota ba ta sake taɓa yaro ko ɗaya ba a makarantar nan, kuma a rahotonmu an rubuta cewa sabuwar ƙofa ce ta kawo wannan nasara.