Kwanon da Tsoho Bai Fasa Ba

Ranar sadakar ukun kakanmu Malam Ilu na tafka wauta: na ɗauko kofunan roba zan kai wa masu gaisuwa ruwa. Iya, kakarmu, ta hango ni daga ƙofar ɗakinta ta riƙe baki. "Kai Sadi! Ko hucewa kabarinsa bai yi ba za ka shigar masa da roba zaure?"

Ku da kuka san shi kun gane. Tsoho bai taɓa shan ruwa a roba ba. Ko gidan suna za shi, kofin gilashinsa na aljihu, a naɗe cikin tsumma. Kafin ya kurɓa sai ya ɗaga shi ya kalli rana ta cikinsa, ya daɗe yana kallo, har mai gida ya fara zargin randarsa.

Wata Baturiya ce ta ba shi kofin. Yana saurayi ya yi mata direba lokacin da ta zo Bida ganin masu narka kwalba, ta tafi da shi ƙasarsu, Suwidin, wani gari a tsakiyar daji inda ake hura gilashi. Madam, yadda yake kiranta, ba ta hurawa. Zane take yi da fensir, ƙarti su hura, ita kuma ta ɗaga ta duba a hasken taga. In ta ga kumfa ɗaya a ciki, ƙasa! Ya ce wata rana ta yini tana kallon ƙanƙarar da ta daskare a bokiti, tana neman launin. "Mutanen garin suna ce mata mahaukaciya," in ji shi. Na ce, "Ashe a can ka ɗauko."

Ya dawo Daura ya gina tanderu a bayan gida, ya shiga tsintar kwalabe. Mun taɓa dawowa daga Dutsi a motar haya, sai ya hau dukan kujera: "Direba, tsaya! Tsaya!" Direba ya taka birki, akuyar da ke baya ta kusa zama fasinjar gaba. Tsoho ya sauka, ya dawo da gindin wata shuɗiyar kwalba yana murmushi.

Wata mata ta ce, "Haba Baba! Don wannan ka tsayar da mu?"

Ya ce, "Yarinya, ke ma da na gan ki a gefen titi kina walƙiya haka, da na tsaya."

Shi ne kaɗai mutumin da na sani mai sayen magani don launin kwalba. Ya ce wa mai kemis, "Ba ni wancan na cikin koriyar." Mai kemis ya ce, "Baba, na tsutsar ciki ne, na yara." Tsoho ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kawo. Wannan ai da gani akwai su." Wallahi sai da na sha, don ya ce zubarwa almubazzaranci ne.

Amma dokar Madam ita ce ta hana gidanmu ganin aikinsa. Duk kwanon da ya hura, in ya ɗaga ya ga kumfa ko karkata, sai ya fasa ya mayar wuta. Wani Alhaji ya taso tun daga Kano ya ga ɗaya, ya ce ya saya. Tsoho ya karɓa ya ƙara dubawa, ya sake shi a ƙasa. Alhaji ya yi salati. Tsoho ya ce, "Na cece ka, Alhaji. Da ka kai kunya gidanka."

Iya ce abin ya fi ci wa rai. Tun tana amarya take wanke masa toka a riga, amma ko ɗan abin zuba gishiri na hannunsa ba ta da shi. "Malam, ko mai kumfar ne ka bar mini." Sai ya ce, "Naki yana nan zuwa." Ni kuwa na ce mata, "Matata, rabu da shi, ni zan saya miki na kasuwa." Ya biyo ni da sanda.

Bara ƙirjinsa ya fara damunsa, likita ya ce ya daina hurawa. Iya ta ɓoye bututun ƙarfen da yake hura gilashi da shi a ƙarƙashin gadonta. Ya yi fushi, ya yi lallashi, ta ƙi. Wata safiya bayan girbi ya zauna bakin ƙofarta ya ce a hankali, "Ladi, ba ni. Naki zan yi."

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar. Ta nufi bakin gadonta. Sannan ta sunkuya ta jawo bututun.

Shuɗin kwano ya hura, yana yi yana tsayawa tari. Ya binne shi a toka mai zafi don ya huce a hankali, domin in ya huce da sauri tsagewa yake. Washegari numfashinsa ya ƙi daidaita, aka kai shi asibiti Katsina. Bai dawo ba.

Bayan sadakar bakwai Iya ta ce in je in tono. Na kawo mata shi da tokarsa. Ta goge da gefen mayafinta, ta ɗaga shi a hasken ƙofa. Bai tsage ba. Amma ga kumfa nan ƙwaya ɗaya a gefe, kamar ƙwayar gero.

Na ce, "Iya, da yana nan fa..."

Ta ce, "Rufe mini baki. Numfashinsa ne."

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya haskaka kabarinsa, Ya duba aikinsa da idon rahama, ba irin duban da shi yake wa nasa ba. Amin.

Mahaifina ya rushe tanderun ya yi wa tumaki wuri. Kwanon yana kan tagar Iya, ba ta zuba komai a ciki, kuma ni ba a yarda in taɓa shi ba.